Ƙwan Zabin da Babana Ya Busa

Babana gilashi yake busawa. In na faɗi haka a makarantar da nake koyarwa a Roni, sai abokan aikina su dube ni kamar na ce yana saƙa ruwa. To, sana'arsa ke nan. Ya daɗe a Kano yana gyara wa masu gwaje-gwajen kimiyya kwalabensu masu dogon wuya. Da ya yi ritaya ya dawo gidanmu na Kazaure, ya kafa rumfa a bayan gida, ya ce yanzu zai yi abin da ransa yake so. Fasassun kwalabe yake tarawa buhu-buhu, na lemo da na magani da na turare, har daga kasuwar Babura ake kawo masa. Ya wanke, ya ware kore daban, ruwan ƙasa daban, ya narkar da su a wutar gas har su yi ja su yi yauƙi kamar zuma. Sai ya tsoma dogon bututun ƙarfe ya ɗebo ɗan curi a kansa, ya sa ɗaya bakin a leɓe ya busa, yana juya bututun da yatsu. Kana kallo curin zai kumbura.

Abin da Allah ya tsirar a ƙasarmu shi yake kwaikwaya. Furen bado na bakin dam, 'ya'yan kuka, goruba, zangarniyar gero da ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya, duma mai lanƙwasasshen wuya. Ni ce nake ɗaukar hotunansu a waya, tun da aurena ya mutu na dawo gida, kuma ta wayar nan mutanen Abuja suka san shi. Mutanen unguwa kuwa har ya rasu suna cewa tsohon nan wasa yake yi da wuta. Na sha yin faɗa da matan maƙwabta a kan maganar nan. Ni bakina ba ya ajiye magana, kowa ya sani.

Inna ba ta hana shi ba, amma ta kafa masa sharaɗi guda: kada ya taɓa suranta abu mai rai. Ta ji a wurin wa'azi tun tana amarya cewa duk wanda ya suranta mai rai, gobe kiyama za a ajiye abin a gabansa a ce ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Abin ya zauna mata a zuciya. Takan ce, “Malam, wasu da hannu suke sassaƙawa, kai kuma da numfashinka kake yi. Naka ya fi kusa da abin da aka hana.” Ya yi mata alkawari, kuma ya riƙe. Wata mata ta taɓa nacewa a waya sai ya yi mata balbela, ya ce ta yi haƙuri, uwargida ba ta sa hannu ba. Ban da haka, duk abin da ya busa yakan bar masa ƙaramar kafa a gindi. Shi dai ya ce don aikin ya fi ƙwari ne. Inna kuwa ta ɗauka ta nan numfashinsa yake fita, hankalinta ya kwanta.

Shi ma yana da tasa dokar, guda ɗaya tak, a kanmu. A gefen rumfar akwai wani tanderu na jan bulo da laka, wanda yake zafafawa da gawayi. Duk abin da ya gama busawa nan yake sakawa, ya rufe ƙofar ya liƙe ta da laka, ya bar wutar ta mutu da kanta sannu a hankali, wuni da kwana. “Ɗakin jego” yake kiran tanderun, don ya tsokani Inna, ita kuma ta tsani sunan. Ya gaya mini dalilinsa ba sau ɗaya ba: gilashin da ya huce da gaggawa, a ido lafiyarsa ƙalau, amma ciwon yana ciki. Zai iya yin mako, zai iya yin wata, rana ɗaya yana zaune babu wanda ya taɓa shi sai ya tsage. “Ko gidan nan ne yake ci da wuta,” in ji shi, “kada ki buɗe mini ɗakin jego.”

A daminar da ya rasu, wata Bafillatana daga wajen Gwiwa ta kawo mana ƙwan zabi a ƙwarya. Muna ci, shi yana juya guda a tafin hannu, yana duban ɗige-ɗigen jikinsa a rana. Na san kallon nan. Inna ma ta san shi.

“Malam, ajiye ƙwan nan.”

“Ƙwai ne fa. Ba kai, ba ido, ba ƙafa.”

“A ciki ake yin su.”

“To ai gero ma a cikin ƙwayarsa ake yin zangarniya, ba ki hana ni ba.”

“Gero ba ya kuka,” in ji ta, ta kwashe kwanuka ta shige ɗaki.

Ni na goyi bayansa, har da dariya. Na ce wa Inna in ana bin ta tata, kwalbar man gyaɗa ma haramun ce, tunda da iska aka kumbura ta. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau.

Ranar wata Asabar ya busa nasa ƙwayayen. Tun asuba ake ruwa, bai damu ba, ya shiga rumfa. Ya haɗa farar kwalba da mai launin ruwan ƙasa, ya birgima curin a garin gilashi mai duhu don ɗige-ɗigen su fito. Ina tsaye ina kallo. Da ya gama busa na farko, sai na ga ya ɗebo ɗigon gilashi ya toshe kafar, ya shafe wurin da wuta har ba a gane inda bututu ya taɓa. Na ce, “Baba, ba ka bar masa kafa ba.” Ya ce, “Kin taɓa ganin ƙwai da ƙofa?” Bakwai ya yi, gas ya ƙare a kan na bakwai. Ya jera su a ɗakin jego, ya liƙe ƙofar, ya wanke hannu, ya jefa kanumfari a baki kamar yadda ya saba. Kullum da kanumfari a bakinsa, saboda ƙirji.

Ana kiran azahar ya faɗi a bakin rijiya, da buta a hannu. Kafin a samo mai mota ya cika.

Wanda ya taɓa ganin rasuwa a gidanmu na Hausa ya san babu zama. Kafin ka gama yarda an mutu, an aika a haƙa kabari, an tafi sayen likkafani, gida ya cika da mata. Baffana, ƙanin Baba, yana garin ranar, shi zai yi masa wanka. Ya leƙo daga ɗaki ya ce a kawo ruwa mai ɗumi maza, ana so a kai shi kafin hadarin yamma ya sauko. Na ruga madafa. Itace ya jiƙe sharkaf, murhu ya cika da ruwa, tukunyar gas babu komai, wutar lantarki kuwa kwana uku rabonmu da ita. Na hura, na hura, hayaƙi kawai. Wata tsohuwa ta ce a yi da na sanyi mana, gawa ba ta san sanyi ba. Na ji kamar in mare ta. Mutumin da ko alwala ba ya yi da ruwan sanyi, shekara da shekaru Inna na ɗumama masa buta, shi za a kwara wa ruwan rijiya a damina?

Wuta ɗaya ce ta rage a gidan. Na ɗauki tukunya na zagaya baya. Na tsaya a gaban tanderun, na ji dokarsa a kunnena kalma bayan kalma. Sai na sa muciya na fasa lakar, na ja ƙofar. Zafi ya buge ni a fuska. Ga su nan a jere su bakwai, iskar damina tana shiga kansu. Na kwashe garwashin da ke ƙasa da tsohon faranti, na ɗora tukunyata a kai, na mayar da ƙofar yadda na iya. Babu wanda ya gan ni. Ruwa ya yi ɗumi, aka wanke shi, aka kai shi kafin la'asar sakaliya.

Bayan kwana uku Inna ta ce in fito mata da abin da ya bari a tanderu. Na fito da su, na duba ɗaya bayan ɗaya a rana. Lafiya ƙalau, ko layi babu. Da za a haɗa su da na Bafillatanar, sai an ɗaga za a gane. Na ce a raina Allah ya rufa mini asiri. Inna ta daɗe tana kallonsu ba ta taɓa ba. Na zaci za ta ce a zubar, amma sai ta ce in sa su a ƙwarya in rufe da faifai, in ajiye a ɗakin da take takaba, ƙarƙashin gado. Aikinsa na ƙarshe ne, ba ta iya jefarwa, ba ta kuma son ganinsa.

Muna da wata baƙar kaza da ta shiga kwanci a lokacin, ba ta da ƙwai ko ɗaya, don muzuru ya shanye nata. Ta dinga shiga ɗakin Inna. A kore ta, ta dawo. Ran nan na dawo daga makaranta na tarar da Inna zaune a kan tabarma ta ƙanƙame carbi, idonta a ƙarƙashin gado. Na durƙusa na leƙa. Kazar ta ture faifan, ta baje fukafukai a kan ƙwaryar, tana kallona da ido ɗaya. Na kai hannu ta sare ni har jini. Da ƙyar na fitar da ita da tsintsiya. Da na taɓa ƙwayayen, da ɗuminsu.

“Dabba ba ta kwanciya a kan abin banza,” in ji Inna a hankali.

Na ce kaza ko dutse aka sa mata za ta kwanta a kai, wannan kowa ya sani. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar gardama da ni. In ta yi shiru, an gama magana.

Da rana tsaka na farko ya fashe. An ɗauke ruwa ke nan, iska mai sanyi na shigowa ta taga, ina tsefe wa Inna kai. Sai muka ji tas, ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen kara. Muka dubi juna. Na jawo ƙwaryar. Ɗaya ya rabe biyu, tsagin ya zagaye shi daidai ta wajen faɗin, hular ta faɗi gefe. Wanda ya taɓa ganin ɓawon da ɗan tsako ya fita daga ciki ya san siffar. Cikinsa wayam.

Inna ta fara lissafi da yatsu, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe ta sake farawa. Sannan ta ce, “Yau kwana ashirin da takwas.” Ba sai ta ƙara komai ba. Duk macen da ta taɓa sa wa kaza ƙwan zabi ta san kwanakin da yake yi kafin ya ƙyanƙyashe.

Tsikar jikina ta tashi, ni da na san dalili. Na san iskar da na bari ta shiga tanderu ce, na san Baba ya faɗi haka zai faru. Amma me ya sa sai ranar? Wannan ba ni da amsarsa, har yanzu.

Daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Abin da ta sa a ranta shi ne an fara tambayar Baba tun a kabari, an ce ya busa musu rai, ga shi kuma suna amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san ko rahama ce ko azaba ba, amma ta fi zaton azaba. Takan ce da ta tsaya da gaske ranar da ya juya ƙwan nan a hannu, da bai yi ba. Na biyu ya fashe bayan kwana biyu, ana sallar walaha. Na uku da na huɗu rana guda, tsakaninsu bai kai a sha ruwa ba. Kowanne ya tsage sai ta tashi ta yi alwala, ta yi ta nafila har gwiwoyinta su ƙi ɗaukarta. Kunu take kurɓa sau biyu ta ture. Wuyanta ya zama kamar mariƙin ludayi. Ɗakin ya koma wurin da ba a magana da ƙarfi, kowa ya shigo gaisuwa sai ya ga muna saurare, bai san me muke saurara ba. Kazar kuwa aka ɗaure ta da tsumma a gindin dalbejiya, ta wuni tana fuskantar ƙofar ɗakin.

Ni da kalma goma zan iya raba ta da wannan azabar, na kasa. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Mutum ya roƙe ni abu ɗaya a duniya, gawarsa ba ta huce ba na karya. Aikinsa na ƙarshe ni na kashe shi, sannan na tsaya a rana ina duba ƙwayayen kamar ban san komai ba. Kuma kullum na ƙara kwana a kan shirun, faɗar na ƙara nauyi, don yanzu sai na amsa laifi biyu: buɗe tanderu, da barin uwata tana ramewa ina kallo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Inna ta yi tari sai in zabura. Na fara zama a makaranta bayan an tashi, ina gyara littattafan da na riga na gyara, don kada in hau acaɓa in dawo in tarar da wani ya fashe.

Na biyar ya fashe ba na nan. Na shida a hannuna. Na ɗauko ƙwaryar ne da niyyar in fitar da ita daga ɗakin Inna tana banɗaki, in kai bakin dam in zubar, in ce ɓata suka yi. Na ɗaga guda don in naɗe a tsumma, sai na ji ya motsa a tafina, ɗan motsi kaɗan, sannan tas. Ya yanke ni a gindin babban yatsa. Na tsaya da ɓawo biyu a hannu, jini na ɗiga a ƙwarya. A haka Inna ta shigo ta same ni. Ta dubi hannuna, ta dubi ƙwaryar, sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta ce, “Ya fara taɓa 'ya'yansa.”

Nan na ga in na ƙara kwana ɗaya, gawa ta biyu za a fitar daga gidan. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata duka. Jiƙaƙƙen itace, maganar tsohuwar nan, muciya, garwashi. Na gaya mata abin da Baba ya koya mini a kan gilashin da ya huce da gaggawa. Na ce, “Inna, babu abin da yake fita daga cikinsu. Ni ce. Ni na buɗe ɗakin jego. Ki yi mini duk abin da kika ga dama.”

Na ji kazar tana ƙoƙarin tsinke tsummanta a waje. Na jira zagi, na jira mari, a shirye nake da duka biyun.

“Ke,” ta ce. “Ruwan ya yi ɗumi?”

“Ya yi, Inna.”

“Sosai?”

“Baffa sai da ya sirka.”

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya zubo mata, irin wanda ban gani ba tun ranar rasuwar. Ta ce ita duk kwanakin nan, bayan maganar ƙwan, akwai abin da take jin nauyin tambaya: ta san itace a jiƙe yake ranar, ta zaci da ruwan sanyi aka wanke mata miji. “Ashe da wutarsa aka wanke shi,” ta ce. Ta yage bakin tsohon zane ta ɗaure mini yatsa da kanta, tana yi tana faɗa, wai mace har ta yi aure ta fito ba ta iya riƙe ƙwai ba. Sannan ta ce in ɗumamo mata sauran tuwon jiya. Ta cinye tas, har da side kwano.

Da ta wanke hannu sai ta nuna ƙwaryar da haɓa. “Saura ɗaya.”

Na ce shi ma zai fashe, yau ko gobe, gara in fitar da shi ta huta.

“Me ke cikinsa, in ba rai ba ne?”

“Iska ce kawai. Abin da ya busa.”

“Numfashinsa.”

“I, Inna.”

Ta miƙo hannu biyu. Karo na farko ke nan da ta taɓa ɗaya daga cikinsu. Ta riƙe shi a tafi kamar yadda ya riƙe na Bafillatanar. “In dai numfashi ne kawai,” ta ce, “to nawa ne. Me kika ce yana fasa su?”

Na ce sanyi bayan zafi, ko zafi bayan sanyi, farat ɗaya.

Ta sa na kawo auduga da tsohuwar hularsa. Ta naɗe shi, ta saka a cikin hular, ta ajiye a ƙasan adakarta tsakanin zannuwa. Damina huɗu ke nan bai fashe ba, alhali shi ne na bakin ƙofar tanderu, wanda iska ta fara bugawa, wanda ya kamata ya riga sauran. In hadari ya taso, Inna takan bar shanya a igiya ta fara zuwa ta rufe tagar ɗakinta. Ta mayar da jikinta, tana cin abinci, har ta koma yi mini gorin rashin miji.

Abu ɗaya ne ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Lokacin da na shida ya rabe a hannuna, kafin in ji zafin yankan, ƙamshin kanumfari na ji. Na san gilashi mai zafi ba ya ajiye ƙamshi, na san iskar da ke ciki ba ta cika cokali ba. Na gaya wa kaina haka sau ba adadi a kan hanyar Roni. Duk da haka in na shiga ɗakin Inna ɗaukar wani abu, ba na jingina da adakar nan, kuma ba na daɗewa.